Kowa Karsana Yake So, Goggo Guzuma Take Saye

 Na san kun saba ganin sunana a kan labaran soyayya, to yau dai ku yi mini afuwa, babu Alhaji mai mota, babu saurayi ɗan kwalisa. Wadda zan ba ku labarinta tana da dara-daran idanu kam, amma tsohuwa ce tukuf, ƙashin ƙugunta har kina iya rataya gyale a kai, kuma ƙafafunta huɗu. Guzuma nake nufi, wato tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa, nono ya ƙafe, mai garke ya haƙura da ita. Kada ki yi saurin juya shafi 'yar uwa, domin da irin waɗannan tsofaffin shanu na ga mace guda ta aurar da 'ya'ya mata uku ba ta ci bashin ko cokali ba. A cikinsu kuma ni na zubar da kuɗin littafina na farko, na yi kukan da ban taɓa sa wata tauraruwar labarina ta yi irinsa ba.

Matar nan goggona ce, yayar babanmu, tana zaune a Yelwa, garin da yawancin mutane ke kira Yauri kawai, a bakin kogin Kwara cikin jihar Kebbi. Maigidanta ya rasu ya bar ta da yara biyar, da ta fita takaba aka raba gado, ɗan tumunin da ya zo hannunta bai taka kara ya karya ba. Nan fa masu shawara suka yi caa, wannan ya ce injin markaɗe, waccan ta ce firji ta riƙa sayar da ƙanƙara, wani ma cewa ya yi ta ba shi ya juya mata a kasuwar albasa. Goggo ta saurari kowa ta yi godiya, ranar kasuwa ta yafa mayafinta ta sa babban ɗanta a gaba suka nufi kara, wato inda ake cinikin dabbobi. Da sakaliyar la'asar sai ga su sun dawo da wata aba, tana tafe tana haɗa hanya, haƙarƙarinta kina iya ƙirgawa daga nesa. An ce ranar har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga, wata ta ce, "Allah Sarki, rashin miji ya taɓa ta." Bayan wata uku da 'yan kwanaki mahauta biyu suka kusa ba hammata iska a ƙofar gidan a kan wa zai saye.

Amma kafin ki gane sana'ar sai kin fara gane ruwan Yauri, don shi ne uwa shi ne uba a zancen. Tsakanin 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji can kudu, ruwa ya taru ya komo baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, kansa na arewa ya zo har wajen Yelwa. Tsibirai da ƙauyuka da yawa suka nutse, aka tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari, aka sake musu matsuguni a tudu. Har gobe tsofaffi in suna zancen gungunansu na da sai ki ga idonsu ya kawo ruwa. To amma tafkin ya zo da wata ɗabi'a da masu kiwo suka ci moriyarta. Sau biyu ruwa ke shigo masa a shekara. Akwai na damina, wanda ake ce wa farin ruwa saboda laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga Gini ya ratso Mali da Nijar yana tafe a hankali, ba ya isowa sai cikin hunturu, lokacin da sauran kogunan arewa suka fara ƙafewa. Da zafi ya kama, ana ta sakin ruwa don wutar lantarki, sai tafkin ya riƙa ja da baya yana barin fili mai danshi a gaɓar Yauri da Ngaski. A nan ake noman rani, a nan kuma ciyawar da ake kira burugu take. Ciyawar ruwa ce mai tsawo, karanta da ɗan zaƙi-zaƙi, tana tashi tare da ruwa in ya ƙaru, in ya janye ta kwanta ta sake tofo, shanu na sonta kamar me. Shi ya sa lokacin da a wasu garuruwan saniya ke lasar ƙasa da cin leda a bola, Fulani ke gangarowa bakin tafkin da garkunansu, masu kwalekwale kuma su yanko burugu dami-dami su sayar wa masu turke. Ga kuma shinkafar fadamun Shanga da Yauri, wadda ke barin bambaro da dusa tuli bayan girbi.

Shi Bafulatani ba ya son rabuwa da saniya, wannan kowa ya sani. In zai sayar sa yake fara fitarwa, mace kuwa ita ce garken, sai dole. Dolen nan kuwa tana da lokacinta. Akwai bazara, wajen Maris zuwa Mayu, hatsi ya ƙare a ruga, ga sayen dusa da kanwa da magani don a tsirar da sauran. Akwai kuma lokacin tashi, ko a bar bakin ruwa da farkon damina saboda shuka ta rufe ko'ina, ko a kama doguwar hanya bayan kaka. Ranar nan mai garke yakan tsaya ya dubi wadda ta haifa masa bakwai ko takwas, ya san ba za ta kai ba, in kuwa ta faɗi a daji sai dai a yanka a bayar a kuɗin da bai kai na rago ba. Gara ya kai ta kara tun tana tsaye da ƙafafunta.

A karar kuma ba mai rububinta. Mahauci nama yake saye ba ƙashi ba. Manomi bijimin huɗa yake nema, mai son kafa garke karsana yake so. Fataken da ke loda tirela su bi titin Kontagora da Jebba zuwa Badun da Ikko su ma ba sa ɗaukar ramammiya, don in ta durƙushe a cikin mota 'yan uwanta za su tattake ta kafin a kai Mokwa. Saboda haka tana nan tsaye a gefe, rana na dukanta, mai ita na ƙosawa, farashi na sauka tare da saukar rana. Goggo ba ta taɓa taya saniya da hantsi ba, sai ta bari mai ita ya fara tunanin yadda zai sake kora ta gida.

Sirrin kuwa ba wani tsafi ba ne. Maraƙi in ya ci abinci ƙashi yake ginawa da tsawo, sai ki shekara biyu kina jira. Ita guzuma ta gama gina gidanta tuntuni, ɗakunan ne babu kowa a ciki, yunwa da shayarwa da tafiya sun kwashe naman. In ta samu hutu da ruwa da abinci, wata biyu zuwa uku ya isa ta mayar da shi da sauri ƙwarai. Bayan nan kuma sai ta ja ta tsaya, duk abin da kika ƙara zuba mata taki kawai kike tara wa mai gona.

Bayan na gama sakandare aka tura ni wurin goggo in yi mata kwana biyu, a nan na fara bin ta kara. Budurwa ba ta cika shiga wurin ba, ita dai da yake ta manyanta ba mai ce mata don me. Ta ce in ja mayafina in biyo ta, in kuma kama bakina. Muna shiga wani dillali ya taryo mu da fara'a.

"Hajiya sannu da zuwa, ga wata can kamar don ke aka kawo ta."

"To madalla Malam, buɗe mini bakinta in gani."

"Kai Hajiya, ke dai kullum sai baki! Ba ki ga ƙira ba?"

"Guzuma ta san guzuma, Malam. Ni tun da haƙorana suka zube na san yadda abinci ke gagarar mai shi."

Aka kwashe da dariya, aka kama hancin saniyar aka buɗe. A ranar na san ashe saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri, na ƙasa kuwa guda takwas ne. Tana fara famfara wajen shekara biyu, zuwa shekara biyar takwas ɗin sun cika manya, daga nan kuma sai gangara: su gajarce, su yi giɓi a tsakaninsu, su fara girgiɗi, su zube. Goggo ta sa yatsa tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya ko ƙyama babu. In sun gajarce amma suna nan daram, da sauran aiki a jikin saniyar. In kuwa biyu ko uku sun tafi sauran na rawa, ko kyauta aka ba ta ba ta so, don abinci za ta riƙa ɓatawa. Turamen ciki ba sa ganuwa da sauƙi, saboda haka sai ta koma gefe ta zuba ido ta ga yadda saniyar ke tuƙa. Wadda ke tauna ciyawa tana zubo ta dunƙule-dunƙule daga baki, an gama da ita.

Ba a nan ta tsaya ba. Ta ja fatar idon ta duba, in ciki ja ne akwai jini, in ya yi fari fat da matsala. Ta shafa ƙarƙashin haɓa, don in wurin ya kumbura kamar an ɗura ruwa, alamar tsutsa ce ko ciwon hanta. Ta sa yaro ya kora ta da ɗan gudu ya dawo da ita, tana sauraron numfashi. Saniya mai tari da nishi ba ta shiga gidan goggo, domin ciwon huhu yana yaɗuwa, ki je neman riba ki kashe wa maƙwabta dabbobi. Haka mai dalala da gyambo a baki da kofato. Ni duk ina tsaye na ƙosa, ga wari ga ƙuda, ina ce wa raina wannan bincike ai ko surukar zamani ba ta yi wa amarya irinsa. A ƙarshe ta bar wadda dillalin ya yaba, ta sayi wata ja mai karyayyen ƙaho da ba wanda ya ko kalle ta tun safe.

To da yake rashin sani ya fi dare duhu, ƙaramin sani kuma ya fi su duka, zuwa uku na yi na ɗauka na gama karatu. Shekarar da littafina na farko ya fito, da na tattara ɗan abin da ya samu, na haɗa da kuɗin adashina na nufi Yelwa. Na tarar goggo ta tafi Wara gaisuwar rasuwa za ta kwana uku, ga kasuwa na ci washegari. Taubashina, wato ɗanta na biyu, ya ce in jira ta. Na ce masa ai ni ma ɗiyar gida ce, ya taso kawai ya raka ni. Wallahi 'yar uwa da na hango ta sai da gabana ya faɗi. Fara ce sol, irin Bunaji, ƙahoninta sun tashi sun buɗe gwanin sha'awa, idanun nan baƙaƙe kamar an zizara mata kwalli, cikinta kuma taf. Dillalin ya ce, "Malama kin iya zaɓe, wannan ai hutu kawai take nema." Aka buɗe bakin, na leƙa daga nesa don ina gudun yawu ya ɓata mini atamfa, na ga fari-fari na ce ya yi. Tun hantsi na taya, aka ce albarka sau biyu, na uku aka sallama. Saurin sallamar ma bai sa na yi tunani ba.

Washegari da safe cikin nan da ya burge ni ya sace kamar an huda balan-balan. Ashe kanwa aka ba ta ta kwankwaɗi ruwa kafin a shigo da ita kasuwa. Da goggo ta dawo, daga bakin zaure ta tsaya ta dube ta, ba ta ce uffan ba sai da ta ajiye kayanta ta yi alwala ta yi salla. Sannan ta je ta buɗe bakin, ta shafa haɓar, ta juyo ta ce, "Ɗiyata, hoto kika sayo." Haƙora huɗu suka rage, biyu na rawa. Ta ce kasuwa mai zuwa a mayar da ita a sayar ko da faɗuwa kaɗan ce, tun tana tsaye. Na ce atafau, ai da kulawa za ta tashi. Har suna na sa mata, sunan tauraruwar littafin nawa, ina jiƙa mata dusa da hannuna ina yi mata hira kamar mutum. Wata biyu da rabi tana cin kuɗina ba ta ƙara ko tsoka ɗaya ba. Wani dare ta kwanta ta kasa tashi, aka aika a kira mahauci. Kin kuwa san mahaucin da aka tasa daga barci ya san ke kike nemansa, ba shi ke nemanki ba. Abin da ya bayar bai kai rabin uwar kuɗina ba, ba a maganar dusa. Da aka fede, hantar ta yi tauri ta yi rami-rami, ga wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna fitowa, sai zubarwa aka yi. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, taubashina na ta waje yana tambaya wai ko a kafa rumfar zaman makoki.

Tsutsar hantar nan ita ce kishiyar burugu. Ruwan da ke ba da ciyawar shi ne ke raya wasu ƙananan dodon koɗi, a jikinsu tsutsar ke girma, ta fito ta maƙale a ciyawa, saniya ta haɗiye. Don haka duk wadda ta yi kiwo a bakin tafki ko fadama, goggo ɗauka take tana da ita ko ba ta nuna ba. Satin farko take kiran malamin dabbobi ya ba da maganin hanta da na tsutsa, a cire kaska, in kuma saniyar ta fito daga dazuzzukan da ke da ƙudan tsando ya duba ta saboda sammore. Ba ta yarda da allurar 'yan kasuwa da ake yi da ka, kuma ba ta sayar wa mahauci dabbar da aka yi wa allura sai kwanakin da malamin ya faɗa sun cika, don mutane ne za su ci naman. Akwai kuma wadda magani ba ya yi wa komai, wato saniyar gari da ta tara leda a tumbi. Ita ma cikinta tulu guda jikinta ƙashi, shi ya sa goggo ta fi son wadda ta fito daga ruga.

Wajen ciyarwa ma akwai inda sabon shiga ke faɗawa rami. Tausayi ya kama ki, ki cika mata baho da dusa da hatsi ranar farko, cikin da ya saba da yunwa ya kumbura, kafin gari ya waye sai wuƙa. Goggo da ciyawa da ruwa take farawa, dusa 'yar kaɗan, tana ƙarawa a hankali har kwana goma. Daga nan sai harawar wake ko ta gyaɗa, kowar wake, dusar masara ko ta dawa a jiƙe, ɗan ƙuli ko angurya, da kanwa ko gishirin lasa. Burugu takan sa a shanya ya sha rana kafin a zuba. Bambaro cika ciki ne kawai, dusar shinkafar da aka niƙa haɗe da buntu ita ma yaudara ce, ga araha ga auki amma ba ta sa nama. Babban abin kuwa, duk wannan tun da kaka take sayensa, lokacin da harawa ke araha, ta jibge a kan rumfa. Takan ce wadda ta sayi saniya kafin ta tanadi harawa, saniyar ce ta saye ta. Sauran aikin na cikin gida ne wanda kowace mace ke iyawa ko tana kulle: inuwa, ruwa mai kyau safe da rana da yamma, share turke. Kashin ma ba ya zama asara, masu albasa na zuwa har gida su saya.

Bari in ba ki misali da alƙalami, misali ne kawai don farashin kara ba ya kwana wuri ɗaya. A ce kin saye ta Naira 300,000. Abincin kwana 90 a kan 1,000 kullum ya zama 90,000. Magani 10,000. La'adar dillali da kuɗin kasuwa da na mai kora, shiga da fita, 20,000. Kin ga ta tsaya miki a 420,000 ke nan. In aka saya 500,000, ribarki 80,000 ce, ba 200,000 ba kamar yadda za ki ji ana yayatawa a gidan biki. Yanzu ki ƙara mata wata biyu a turke don kin ƙi sallamawa, 60,000 ta tafi, ita kuwa ba ta ƙara komai ba. In kuma da tsadar bazara kika sayi abincin, ribar ta tafi tun ba ki fara ba. Sannan ɗaya in ta mutu ta cinye ribar biyar.

Saboda haka ranar sayarwa ake fara sani kafin ranar saye, a ƙirgo baya wata uku. Kasuwar guzuma ba ta masu layya ba ce sosai, su rago da sa suka fi so, ko da yake mai lafiya da ƙiba ta halatta, abin da malamai suka hana shi ne mai bayyanannen ciwo ko gurguntaka ko ido ɗaya ko mugunyar rama. Masu sayenta su ne mahauta, da masu watanda da ke haɗa kuɗi su yanka su raba musamman da Ƙaramar Salla, da masu biki bayan kaka, da fataken kudu in ta yi ƙarfin hawa mota. Da Salla ta matso duk nama tashi yake, ita ma ta tashi. Sai dai Salla ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. A 2024 Babbar Salla ta kama 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni, wato mai saye a Maris da arahar bazara ta faɗa daidai. Nan da 'yan shekaru Sallar za ta shigo tsakiyar bazarar kanta, dole a riƙa saye tun cikin hunturu, lissafin ya sake. Goggo kuma ba ta jiran jajibiri. Sati biyu kafin Salla, lokacin da fatake ke neman cika mota, take rabuwa da nata, don ta sha ganin masu jiran ranar ƙarshe sun dawo gida da dabba da kuma bashin dusa.

Ko kin yi komai daidai, kasuwa na da nata halin. Farkon 2023 da aka canza takardun Naira kuɗi suka ɓace a hannu, kara ta zama kamar an yi ruwa an ɗauke, mai saye ba shi da tsaba, Bafulatani kuma ba ya karɓar kuɗin waya. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, fatake suka rage tayi. A 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Salla, wanda ke da na turke a gida ya ga amfaninsa. Ba ke kike juya waɗannan ba, abin da ke hannunki shi ne kada ki zuba duk abin da kika mallaka a wuya guda. Ga kuma masifar satar shanu da ta addabi yankin nan namu na arewa maso yamma. In aka kawo miki saniya har gida da dare a rabin kuɗi, ki ce Allah ya kawo kasuwa. A kara ake saye, ta hannun dillalin da aka san gidansa, gaban shaidu, a karɓi takarda. In kin tashi sayarwa ke ma ki faɗi aibin da kika sani, kada ki yi wa wata abin da aka yi mini da kanwa.

Akwai wata asarar kuma da ba ciwo ke kawo ta ba, ita ce ma ta fi cin mata. Mace ta tara sadakinta da kuɗin adashinta ta sayi dabba, ta yi wata uku tana ɗaukar baho, ranar kasuwa maigida ko wani yaya ya ja igiya ya tafi, da yamma ya dawo ya ce kasuwa ba ta yi kyau ba, ko kuma ya ce ya ɗan ara zai mayar in an yi girbi. Kunya ta hana ta tambaya, girbi ya zo ya wuce. Ni ban ce ki ƙi taimakon mijinki ba, kyauta daban ce kuma tana da lada. Amma addini ya ba mace dukiyarta, sadakinki naki ne ba na gida ba. Goggo ko ɗan cikinta ta aika sai ya zo da takardar kasuwa, kuma dillalin ya san saniyar Hajiya ce. A nan ne ku 'yan makaranta kuka fi ta gata, ita a ka take riƙe lissafi, ku kuwa littafin rubutu ɗaya ya ishe ku: ranar saye, nawa, dusa nawa, magani nawa. Na san saniya ta fi ƙarfin aljihun 'yar sakandare, kuma ban ce ki bar aji ki tafi yankan ciyawa ba. Ki fara da tunkiya a hannun innarki, ko ki riƙe wa yayarki littafin, ko in kun gama ku haɗu ku uku ko huɗu a kan guda, a rubuta kason kowa tun ranar farko.

Ni dai sai da na shekara biyu ko kallon kara ba na so. Bana na sake tattara ɗan abin da ya samu na koma Yelwa, wannan karon na jira goggo, na kuma sa tsohon zane. Ni na kama hancin da kaina na sa yatsa na taɓa haƙoran nan takwas ɗaya bayan ɗaya, yawu har gwiwar hannu, dillalin na cewa, "Hajiya, ashe kin yi magajiya." Sai bayan la'asar muka taya. Wadda muka sayo baƙa ce mai dabbare-dabbare, kunne ɗaya a tsage, fuskarta kullum kamar an yi mata laifi. Taubashina ya ce tunda yake bai taɓa ganin dabbar da ta yi kama da mai ita haka ba. Yau kwananta 47 a turke, ƙashin ƙugun ya fara nutsewa, na rubuta ranar fitarta a bangon littafina na ja layi biyu a ƙasa. Ƙannen gidan sun dame ni wai wane suna za a sa mata, na ce musu sunanta saniya.